Agwagin Kawu da Durgun Inna

Shekarun baya, ina tsakiyar karatuna a jami'a a nan Wudil, na taɓa tsayawa a bakin zauren gidanmu na buɗe hannuwa na hana kawuna shiga. E, kawuna, ƙanin mahaifiyata ciki ɗaya. Duk wanda ya tashi a irin gidajenmu ya san wannan ba ƙaramin ɗanyen aiki ba ne. Jiya wata a cikinku ta tambaye ni wai me ya sa nake yawan surutu a kan cutar kaji kamar ni na ƙyanƙyashe su, shi ne na ce bari yau in zauna in ba ku labarin tun daga tushe.

Mu 'yan Utai ne. Mahaifina ya rasu tun ina sakandare, kuma abin da ya riƙe gidanmu, bayan Allah, kajin mahaifiyata ne. Ba na gidan gona ba, na gida, irin da ake kira durgu, masu gajerun ƙafafu da gashi wake-wake. Asalinsu na kakata ne. Kafin ta rasu ta raba wa 'ya'yanta. Wasu suka cinye nasu, wasu suka sayar, har ya zama gida biyu kaɗai irin ya rage: namu, da na kawu a Ɗankaza. Inna, haka muke kiran mahaifiyar tamu, ba ta ɗora musu wuƙa sai da dalili mai ƙarfi. Ƙwansu ne sabulunmu, shi ne gishirinmu, shi ne kuɗin motata zuwa makaranta. Ta san kowacce da halinta. Akwai wata da take ce wa mai tsiwa, kuma ƙannena sun rantse da ni take.

Ni kuwa lafiyar dabbobi nake karanta. Likitar mutane na so zama, jarrabawa ta ce ba ta san zancen ba, na tsinci kaina ina leƙa bakin tumaki. A shekarar, da sanyi ya shigo, sai aka fara jin murar tsuntsaye ta ɓulla a gidajen gona. Wata safiya malaminmu, wani dattijon likitan dabbobi da ba ya ɗaga murya, ya shigo aji ya ture darasin ranar gefe.

Ya ce, "Cutar nan da kuke ji ba iri ɗaya ba ce. Akwai mai kisa, wadda kaza za ta kwana lafiya a wayi gari ta miƙe ƙafa. Akwai mai sauƙi, 'yar atishawa da rage ƙwai, wadda ta saba yawo a kasuwannin kaji ba wanda ya kula ta. Kuma kowacce, abin da ke cikin ƙwayarta ba dunƙule yake ba, gutsattsari takwas ne a ƙunshe wuri ɗaya."

Ya dube mu ya ga idanu sun fara lumshewa, sai ya canza salo.

"Kun san tela ana gobe Sallah? Ya yanka rigarki, ya yanka ta maƙwabciyarki, ya zube su a kwali ɗaya. Da ya zo haɗawa sai ya ɗauko hannu daga wannan, wuya daga waccan. Rigar da za ta fito ba taki ba ce, ba tata ba ce, ba a taɓa ganin irinta ba. To, jikin kaza shi ne shagon telan. Idan iri biyu suka shiga kaza ɗaya a lokaci ɗaya, sukan yi musayar gutsattsarin nan. Yawanci shirme ne ke fitowa, ba ya ko rayuwa. Amma wata rana sai a dace da wadda ta ɗauko kisa daga nan, ta ɗauko saurin yaɗuwa daga can. Jikin kaji bai san ta ba, allurar da ke hannu ba ta san ta ba, wani lokaci ma har mutum sai ta koyi kamawa."

Da zai fita ya juyo ya ƙara da cewa mu ji tsoron agwagwa, don tana iya ɗauke da mai kisan a cikinta tana wankanta tana rangaji. Muka yi dariya. Na rubuta abin tsaf, amma don jarrabawa na rubuta, ban taɓa zaton zai biyo ni gida ba.

Ƙarshen makon na tafi Utai. Ina shiga tsakar gida na ji kajin Inna suna 'yar atishawa, wasu idonsu na ruwa. Na tambaye ta. Ta ce sanyi ne, ƙwai ya ɗan ja baya, amma ko ɗaya ba ta kwanta ba, kuma ta jiƙa musu ɓawon maɗaci a kasko. Na ce a raina, to ga mai sauƙin nan ta ziyarce mu, Allah ya taƙaita.

Washegari da hantsi ina shara a ƙofar gida sai ga babur. Kawu ne, ya ɗauro manyan kwanduna biyu a baya, fuskar nan tasa duk ta faɗa. Na ajiye tsintsiya na durƙusa. Muka gaisa sosai, ya tambayi karatu, na tambayi mutanen gida da yara da gajiyar hanya, ya ce duk lafiya sai alheri. Sai da aka gama ce wa juna lafiya sannan ya sauke ajiyar zuciya.

"'Yar nan, kaji sun ƙare mini. Sai kwasa muke yi. Zankonsu ya yi baƙi, kai ya kumbura, kafin ka ɗebo ruwa ta tafi. Waɗannan ne Allah ya bar mini, shi ne na kawo wa Yaya ajiya."

Ga waɗanda ba su san ajiya ba, al'ada ce a wajenmu. Idan annoba ta shiga gidanka, sai ka kwashe tsuntsayen da suka rage ka kai gidan ɗan'uwa a wani gari, su zauna da nasa har iska ta wuce. Ba a neman izini, kuma ba a taɓa cewa a'a. Mu kanmu mun ci moriyarta. Ina ƙarama aka yi wata cuta a Utai, kawun nan ne ya zo da kansa ya kwashi kajin Inna ya riƙe su a Ɗankaza, ya dawo da su har da 'yan tsaki.

Na leƙa kwandunan. Ɗaya durgu ne 'yan kaɗan, sun yi tsuru-tsuru. Ɗayan kuwa agwagi ne, ƙosassu, sai sheƙi suke suna miƙo wuya. Wallahi ji na yi kamar an kwara mini ruwan randa. A bayana ga kaji masu atishawa, a gabana ga waɗanda suka fito daga gidan mutuwa, kuma kaskon ruwa ɗaya ne a tsakar gidanmu.

Kawu ya kunce igiya ya rungumo kwandon agwagin ya nufi zaure. Ban san lokacin da na sha gabansa ba.

"Kawu, don girman Allah ka yi haƙuri. Ba za su shiga ba."

Ya ɗauka wasa nake. "Matsa mana, abin da nauyi."

"Kawu, ba za su shiga gidan nan ba."

Ya sauke kwandon a hankali ya dube ni sama da ƙasa. "Ke, lafiyarki kuwa? Dube su fa. Ina ciwo a jikin agwagin nan?"

Na fara zuba bayani. Jama'a, ashe abin da malam ya faɗa a natse ya shiga kunne, idan mai tsiwa ta faɗe shi a gigice, hauka yake komawa. Na ce gutsattsari, na ce takwas, na ce tela, na ce hannun riga. Kafin nan maƙwabta sun fara leƙowa, masu zuwa rijiya sun tsaya da bokitai a ka.

Kawu ya juya wajensu ya ce, "Ku taya ni ji. Ina kaji ina tela?"

Aka kwashe da dariya. Kunnuwana suka yi zafi, na watsar da turancin ajin na faɗe shi yadda ya zo mini.

"Kawu, naka suna ɗauke da tasu cutar, namu suna ɗauke da tasu. Taka kaɗai ta isa ta share gidan nan. Idan kuma suka sha ruwa a kasko ɗaya, cutar biyu za su haɗu a cikin kaza ɗaya su yi aure, su haifo wadda babu wanda ya san maganinta."

"Tabɗi! Boko ya kai inda ake ɗaura wa cuta aure. To wa zai zama waliyyi, ke?"

Ana cikin haka Inna ta fito zaure da mayafi, ta tsaya a bayana. Kawu ya ce, "Yaya, kina jin abin da 'yarki take yi mini a gaban mutane?"

A nan sai na gaya muku wani abu: ni 'yar fari ce. Inna ba ta kiran sunana, ba ta yabona, kuma ko da gaskiyata ba za ta goyi bayana a gaban dangi ba, kunya ba za ta bar ta ba. Don haka na san abin da za ta ce tun kafin ta buɗe baki.

"Ke, matsa. Ba a haka."

Tun da na yi wayo ban taɓa jin umarninta na tsaya ba. Ranar na tsaya. Ban juyo ba, don na san idan muka haɗa ido zan karaya. Na ce, "Inna, ki dake ni idan kin ga dama. Amma idan kwandon nan ya wuce zauren nan, irin kajin Kaka ya ƙare a duniya. Na Kawu sun kusa ƙarewa, naki kaɗai suka rage."

Hawaye na zuba, amma hannuwana suna buɗe. Sai dabara ta zo mini, na ce ai akwai bukkar gonar Baba a bayan gari, an gama girbi, babu kowa, babu kaza ko ɗaya a kusa. A kai su can, ni zan kula da su da hannuna.

Inna ta dubi kawu, wanda shi ne autansu. Can ta gyara mayafi ta ce, "Auta, gonar ma ai gidana ce. Ajiyarka na karɓa. Tunda waccan ce ta ja, ita za ta sha wahalarsu."

Wanda bai san Inna ba zai ce hukunta ni ta yi. Ni na san ta ba ni gaskiya ne ta hanyar da ba wanda zai kama ta. Kawu ma ya gane, shi ya sa ransa ya ƙara ɓaci. Ya mayar da kwandon kan babur yana ɗaurewa da ƙarfi.

"Ni na goya ki a babur ɗin nan na kai ki jami'ar da kike taƙama da ita. Yau ni kika tare a ƙofar gidan 'yar'uwata. Mara kunya kawai. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

Ya kai su bukka ya sauke, ya kama hanyar Ɗankaza. An fito masa da ruwa a kwanon sha, ko kallonsa bai yi ba. Wannan ya fi zagin ci mini rai.

Na kira malam a waya na gaya masa komai. Ya ce kada in taɓa su da hannu tsirara, in rufe hanci da baki, duk wadda ta mutu a binne ta da zurfi, kada kowa ya kuskura ya ci, kuma takalmin da ya taka bukka kada ya taka gidanmu. Ya ce zai sanar da ma'aikatan lafiyar dabbobi. Sai na koma kwana gidan wata ƙawata da ba sa kiwo. Ta kan katanga nake magana da Inna, ta nan kuma na lallaɓa ta ta kulle kajinta a akurki ta daina sakinsu yawo. Ta yi mita har ta gaji, wai na mai da mata kaji fursunoni, amma ta kulle.

Da za ku gan ni a lokacin da kun yi dariya har ku faɗi. 'Yar jami'a guda, leda a ƙafa, leda a hannu, tsohon ɗankwali a hanci, ina tsallaka kunya-kunya da bokitin dusa. Wani manomi ya hango ni daga nesa ya ɗauka abin korar tsuntsu ne ya tashi tafiya. Abokan karatuna suna aji, ni ina gardama da agwagi.

Durgun kawu ba su daɗe ba. Ɗaya bayan ɗaya suka tafi, yadda ya siffanta. Na haƙa rami na binne su ina kuka, don su ma jinin kajin kakata ne. Agwagin kuwa ko gezau, sai ci sai kwakwazo.

Labari ya isa Ɗankaza a juye. Wai na jefar da kajin kawu a daji sanyi ya kashe su, da a gidan Yaya ne da sun rayu. 'Yan'uwa suka yi ta kiran Inna. Aka yi suna a dangi, ta je ta dawo ba ta ce komai ba, sai daga baya na ji matar kawu da ƙyar ta amsa gaisuwarta. Ba zan ɓoye muku ba, na tsorata. Na riƙa tambayar kaina, idan fa atishawar nan sanyi ne kawai, agwagin nan kuma lafiyarsu ƙalau? Na raba uwata da ƙaninta ke nan a kan darasin aji ɗaya.

Ana nan sai ga malam da ma'aikatan lafiyar dabbobi a mota, sun sa fararen kaya tun daga kai har ƙafa. Gari ya ruɗe, don kowa ya san inda aka tabbatar da mai kisa, tsuntsun gidan duka ake kashewa a binne. Suka fara da bukka. Suka ɗebi abin gwaji daga bakin agwagin, sannan suka yi musu abin da ya zama dole, suka yi feshi. Daga nan suka canza kaya suka nufi gidanmu.

Na bi su a baya, na tsaya daga waje ina leƙe. Inna na tsaye a gaban akurki ta haɗa hannuwa a ƙirji. Ban taɓa ganin ta ƙanƙance haka ba. Babbansu ya gaishe ta da ladabi, ya duba kajin, ya ji atishawar, aka ɗebi nasu gwajin. Sannan ya ce, "Mama, ki gaya mini tsakaninki da Allah. Tsuntsayen can sun shiga gidan nan, ko na ɗan lokaci?"

Inna ta ce, "Ko inuwar zaure ba su taka ba."

Ya juya ga maƙwabtan da suka cika ƙofa. Wata dattijuwa da ta fi kowa dariya ranar rigimar ta ce, "Ta ina za su shiga, ɗan nan? Yarinyar can ta tokare ƙofa kamar soja. Kawunta ma ko ruwa bai sha ba."

Mutumin ya dubi malam, malam ya gyaɗa kai. Ya ce to ba za su taɓa kajin Mama ba. A ci gaba da kulle su, kada a sayar, kada a kai ko'ina, kuma idan ɗaya ta faɗi a kira su nan take. Suka fesa ƙofar gida suka tafi. Inna ta zauna a kan turmi. Ni kuwa na jingina da katanga ina ta alhamdulillahi ba ƙaƙƙautawa.

Sakamakon ya ɗauki lokaci, don nesa aka aika da shi. Na koma makaranta, kullum sai na kira gida in ji ko wata ta faɗi. Babu wadda ta faɗi. Atishawa ta lafa, ƙwai ya fara dawowa. Wata rana bayan lakca malam ya ce in same shi a ofis.

Ya ce, "Agwagin kawunki, mai kisa ce a cikinsu, duk da ƙoshin lafiyar da kika gani. Kajin mahaifiyarki, mai sauƙi ce. Iri biyu daban, kuma zaure kaɗai ya raba su."

Na ce, "Malam, da sun haɗu, da sabuwar ta fito?"

Ya ce, "Wannan Allah kaɗai ya sani, kuma kada ki je kina cika baki kina cewa kin ceci duniya. Watakila ta fito, watakila ba ta fito ba. Abin da na sani, da kajin gidanku sun mutu ƙarƙaf. Kuma ba ki ba cututtukan nan biyu wurin haɗuwa ba. Aikinmu ke nan gaba ɗaya, wasu sai sun tsufa suke gane shi."

Na yi godiya a natse kamar mutuniyar kirki. Ina fitowa baranda na rangaɗa guɗa. Wallahi guɗa sosai, ta gidan biki, har wani malami ya leƙo yana tambayar wa ya haihu. Ban damu ba. Da gaskiyata! Ni, mai tsiwa, mara kunya, mai leda a ƙafa, ashe da gaskiyata. Ranar da ƙafa na taka har bakin kasuwa ina murmushi ni kaɗai, masu babur suna ta yi mini hon.

Kawu bai buƙaci takardar kowa ba, idonsa ya gane masa. Ma'aikatan sun je Ɗankaza sun yi masa feshi sun yi masa bayani. Ban da haka, wani maƙwabcinsa da ya kai tasa ajiyar gidan surukai a wani ƙauye, kajin surukan suka bi nasa, gidan ya koma shiru. Duk da haka kawu bai zo ba, bai kuma kira ba. Babba ne, kuma a gaban jama'a aka yi abin, ban ga laifinsa ba.

Sai da damina ta faɗi, aka ce an ɗage takunkumi, kajin Inna suka yi kwanci suka ƙyanƙyashe, 'yan tsakin suka tasa. Na zo hutu, na tarar ta ware sagaru biyu, wato 'yan matan kaji, da ɗan zakara a kwando. Ta ce wa iska, "A kai wa Auta."

Na waiga, babu kowa a wurin sai ni. Na ce, "Inna, ni?"

"Wa ya ja?"

Na hau babur ɗin haya da kwando a cinya har Ɗankaza. Na tarar da shi a ƙofar gida yana gyaran garma. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa a taƙaice bai ɗago ba. Na tura kwandon gabansa na buɗe, na ce Inna ce ta ce a kawo.

Sagarun suka fito suna 'yar tafiyar nan tasu ta gajerun ƙafafu, suna tsattsagar ƙasa kamar gidan ubansu. Kawu ya ajiye guduma. Ya daɗe yana kallonsu. Ya miƙa hannu ya ɗauki ɗaya ya shafa bayanta.

"Kajin Iya," ya ce. Haka suke kiran kakata. "Na ɗauka ba zan sake ganinsu a gidan nan ba."

Ya goge ido da hannun riga, ya ɗaga murya ya kira matarsa ya ce a kawo mini fura mai sanyi. Sannan ya dube ni sosai, karo na farko tun ranar.

"Rashin kunyarki dai yana nan, ban janye ba. Amma Allah ya yi miki albarka, 'yar nan. Allah ya ba ki 'ya'ya masu tare ki a ƙofa idan za ki yi ɓarna."

Na ce amin ina dariya ina kuka, fura na neman sarƙe ni.

Ajiya ba ta mutu a danginmu ba, kuma ban so ta mutu ba, don ɗan'uwa rabin jiki ne. Sai dai yanzu wanda aka kawo wa ajiya yana da wuri daban can nesa da nasa, da kasko daban, agwagi kuma ba sa kwana da kaji. Kawu da kansa yake yi wa mutanen Ɗankaza bayanin auren cuta, har da ƙarin gishirinsa, kuma idan ka ji shi sai ka rantse shi ya gano abin.

Ba ina gaya muku ku riƙa tare manyanku a ƙofa ba ne, a'a, kada wani ya je ya sha mari ya ce ni na aike shi. Har gobe idan na tuna fuskar kawu ranar sai na ji nauyi. Abin da na koya shi ne, wani lokaci alherin da muka gada shi ne hanyar da cuta take bi, don ita ba ta san zumunci ba, wurin haɗuwa kawai take nema. Kuma karatun da na shiga ina ƙunƙuni, tun daga ranar nake son sa kamar raina.

Da na dawo daga Ɗankaza da yamma, na tarar da Inna tana watsa wa kaji tsaba daga ƙwarya. Na ba ta labarin yadda aka yi. Ba ta ce sannu ba, ba ta ce kin kyauta ba, ban kuma sa rai ba. Ta gama watsawa ta karkaɗe zani, ta miƙo mini ƙwaryar ba tare da ta dube ni ba.

"A gaya wa mai karatun nan, daga yau akurkin nan nata ne. Abin da ta ce a yi da su, shi za a yi. Ni na gaji."

Matar da ko zazzaɓi take yi ba ta yarda wani ya buɗe mata akurki. Ba ta gaji ba, ni da ita duk mun sani. Na karɓi ƙwaryar da hannu biyu.